Lukuman, Mai Ɓoye Murya Cikin Hayaniya

Duk wanda ya daɗe a Tudun Wada ta Gusau ya san Lukuman mai rediyo, ko da bai riƙe sunansa ba. Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa kamar kullum yana sauraron wani abu a ƙasa, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma. Ba shi da yawan magana, in ma ya yi sai ka matso kusa. Mutane su kawo masa rediyo da tocila da wayar da ta faɗa randa, su dawo su karɓa su wuce, ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa wannan bawan Allah yana kokawa da wata kwamfutar da har yanzu ba a gama ƙera ta ba a duniya. Ikon Allah, sai kallo.

A wata ruga cikin ƙasar Tsafe aka haife shi. Mahaifinsa Bello makiyayi ne mai ɗan noman gero a gefe, mutum mai zumunci da manoman da ke maƙwabtaka da su. Wata shekara Bello ya ga baƙin fuskoki suna zagaye burtali, ya gane abin da ke tafe, ya je a ɓoye ya faɗa wa wani manomi abokinsa. Gari ya kwashe dabbobinsa, ɓarayi suka zo suka tarar da turaku wayam. Maganar ta kwanta, shekaru suka wuce, har Bello ya manta da ita.

Ba maƙiyi ne ya tona masa asiri ba, masoyi ne. Manomin nan ya samu ƙaruwa, aka taru wurin suna, daɗi ya kwashe shi, ya kira maroƙi ya raɗa masa a kunne cewa a yaba wa Bello, mutumin da ya ceci garken gari. Maroƙi kuwa abin nema ya samu, ya buɗe murya ya faɗa wa duniya. Kafin ranin ya fita aka zo har ruga aka kira Bello waje, bai sake dawowa ba. Lukuman yana da wayo lokacin, kuma abin da ya zauna masa a zuciya shi ne maganar da mutum ya faɗa yau ba lalle yau za ta ci shi ba, tana iya jiran sa.

Mahaifiyarsa ta koma Bungudu wurin danginta, a can ya koyi gyaran rediyo a hannun wani Malam Isah. Kunne Allah ya ba shi. Ya kara rediyo a kunne ya ji irin shuuu ɗin da take yi, sai ya ce ga inda ciwon yake, a buɗe kuma a tarar haka ne. Ba abin da ya tsana kamar hayaniya a cikin rediyo, yana farautar ta kamar mai korar ɓera daga rumbu. Da ya girma ya dawo Gusau ya kafa rumfarsa, ya yi karatun yamma har ya samu difloma, aka ɗauke shi mai kula da na'urori a ɗakin gwaji na wata makarantar gaba da sakandare. Da safe yana can, da yamma yana rumfa.

A ɗakin gwajin ya haɗu da Dakta Hafsat, malamar lissafi da lantarki, gajeruwar mace mai saurin baki wadda ɗalibai ke tsoro kamar me. Wata rana da hantsi tana jiran ya gama gyara mata wata na'ura, sai ta hau ba shi labarin aikinta, don ita in ta fara bayani ko ginshiƙi ne a gabanta sai ya saurara. Ta ce duk saƙon da ake aikawa ta waya a rufe yake da kwaɗon lissafi, kuma kwamfutocin yau ba su iya fasa shi. Amma ana ƙera wata irin kwamfuta da ake kira kwantam, wadda in ta kammala, kwaɗunan yau za su buɗe mata cikin sauƙi.

“To ai ba ta zo ba tukuna, Dakta,” in ji Lukuman, idonsa a kan aikinsa.

“Ba ta zo ba, Malam Lukuman. Amma akwai masu kama saƙonnin mutane a iska, a rufensu, suna tarawa suna ajiyewa. Ba su gaggawa. Ranar da ta zo, sai su buɗe duka.”

Ya ajiye ƙarfen dalma a hankali. “Kenan abin da mutum ya hwaɗa yau, ana iya buɗe shi zamanin jikokinai?”

“Ƙwarai kuwa.”

Bai taɓa ba ta labarin mahaifinsa ba, amma ta ga fuskarsa ta sauya, sai ta ja kujera ta zauna. Ta ce akwai wani sabon kwaɗo da masana ke ganin ko kwantam ba ta san hanyar fasa shi ba, ana gina shi a kan lissafin raga. Ta ɗauki alli ta ɗiga ɗigo-ɗigo a allo, layi-layi kamar ramukan shuka a gona. Ta ce in aka jefa ƙwayar iri ta faɗi kusa da wani rami, kowa zai iya nuna ramin da aka nufa, don gona tsawo da faɗi kawai gare ta. To a ƙaddara gonar da ke da fuskoki ɗaruruwa, ba biyu ba, ramuka sun bazu ta kowace fuska. A nan, in ba kai ke riƙe da igiyar da aka auna shukar da ita ba, har ka tsufa ba za ka gane ramin ba. Igiyar ita ce makulli. Ɗan kaucewar da ƙwayar ta yi daga rami kuwa da gangan ake sa ta, ’yar hayaniya ce ake yayyafa wa lissafin.

Lukuman ya daɗe tsaye gaban allon. Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana korar hayaniya, yau ana gaya masa ita ce ke tsare sirri, kuma ’yan ɗigon allin nan za su iya tare wata ƙatuwar na'ura da manyan ƙasashe ke ta fama su ƙera. Ya ce “Subhanallahi” a hankali, ya roƙe ta kada a goge allon.

Abin da ya sa maganar ta kama shi haka, Gwaggo Zulai ce, ƙanwar mahaifinsa. Tana aure a wani ƙauye bayan Magami, tana tallan nono da man shanu, kullum ƙafarta a hanyoyin daji. Mai tallan nono tana ganin abin da mai gari ba ya gani: sawun babura inda ba hanya, tokar wuta inda ba ruga, baƙon da ya sayi nono fiye da cikin mutum ɗaya. Tana gani, amma bakinta gum. Ya taɓa tambayar ta dalili, ta ce, “Na ga abin da hwaɗi ya yi ma Yaya Bello. Ina da ɗiya, ina da jikoki. Gaba a ƙasag ga ba ta mutuwa da mai ita.”

Don haka da makarantar ta amince Dakta Hafsat ta gwada sabon kwaɗon a wani ƙauye, Lukuman ne ya ce ga ƙauyen, kuma shi ya kawo dabarar. Kada a ba mutane wata baƙuwar na'ura da za a nuna su da ita. A sa abin a cikin ’yar rediyon nan mai tocila da ke kowane gida, a raba wa kowa, yadda riƙe ta ba zai zama shaida a kan kowa ba. Mutum ya danne maɓalli ya yi magana, muryar ta tafi a rufe, ba mai buɗe ta sai rediyo ɗaya, ta mai unguwa Baba Lawwali. Ita ma sau ɗaya za ta faɗa ta manta.

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Lissafin raga mai cin wuri ne, ga shi dole a cusa shi cikin ’yar ƙwayar lantarki da masu gyara ke kira ayisi, wadda ba ta kai farcen babban yatsa ba, kuma batirin rediyo ne zai ɗauke ta. Irin ayisin da ake iya tsara cikinta suka samo, Dakta tana rage lissafi, Lukuman yana shimfiɗa hanyoyin wuta a ciki, a gwada, a rushe, a sake. Ranar da ta fara aiki ya ɗora ta a tafin hannu yana kallo, ya kasa yarda cewa gonar nan mai fuskoki ɗaruruwa tana cikin abin da kaza za ta iya haɗiyewa. Makullin kuma an binne shi a ciki, ko an fasa rediyon ba a iya karanto shi.

Aka kai rediyoyi ƙauye aka raba. Gwaggo Zulai ta juya tata a hannu, ta dube shi ido cikin ido. “Don kai na ɗai, Lukumanu. In ka ce ba mai ji, na yarda.” Ya ce ba mai ji. Ya sa ta yi maganar gwaji, shi kuma ya kama saƙon a iska da na'urarsa, a rufe, ya ajiye don ya riƙa nuna wa masu shakka cewa ba ya buɗuwa. Ya koma Gusau yana jin kansa kamar ya sauke dutse.

Bayan ’yan makonni ya zo ganin yadda abubuwa ke tafiya, ya faɗo ranar kasuwar Magami. Yana ratsawa ta layin masu kayan masarufi sai ya wuce rumfar caji. Kowa ya san irin rumfar: janareta na kuka a baya, allunan katako cike da soket, wayoyi da tociloli da rediyoyin ƙauyuka sun yi layi, kowanne da igiyarsa. Ƙauyen da ba wuta nan yake kawo kayansa, a bari tun hantsi, a dawo bayan la'asar a karɓa. Idonsa ya faɗa kan wata rediyo mai jan zare ɗaure a eriya. Shi da hannunsa ya ɗaura zaren, don kada ta ɓace cikin sauran. Ta Baba Lawwali ce, mai makullin muryoyin gari duka, tana rataye tsakanin wayoyin mutanen da bai san ko su wane ne ba.

Ya tsaya cak. Ya tuna wani abu da Dakta ta taɓa ambata a wuce, cewa ayisi tana iya tona kanta ta yadda take shan wuta. Lokacin bai ɗauke shi da nauyi ba, don a ransa rediyon tana ƙarƙashin matashin Baba Lawwali. A kan teburin ɗakin gwaji ya yi dukan tunaninsa, inda soket ke jikin bango. Shi da ya yi shekaru yana kai wayarsa irin wannan rumfa a Bungudu, ya tsaya hangen kwamfutar da ke bayan teku, ya manta da ranar kasuwa.

Ya samu Baba Lawwali a rumfar masu goro, dattijo mai farin gemu da son raha. Bayan gaisuwa ya tambaye shi a hankali.

“To ina kaka so in kai ta, ɗana?” in ji dattijon. “Kowa nan shika kai tashi. Aliyu mai caji ɗan gida na, ni na yanka mai ragon suna.”

“Ban zargi Aliyu ba, Baba. Amma shina zuwa salla, shina zuwa cin abinci. Hannu nawa ka shiga rumfag ga kahin la'asar?”

“Kai dai da tsoro. Wane ɓarawon daji ya san wanga boko naku?”

“Ba sai ya sani ba, Baba. Ya san wanda ya sani, ya isa.”

Ya karɓe rediyon, ya biya ta gidan gwaggonsa ya ce kada ta sake danna maɓallin sai ya dawo. Ba ta tambaye shi dalili ba, kallonsa kawai ta yi, kuma kallon ya raka shi har Gusau.

Washegari ya ajiye rediyon gaban Dakta Hafsat ya ce ta zama ɓarauniya. Ta yi dariya ta ce an daɗe ba a ba ta aikin da ya dace da ita ba. Ba ta kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ta jona igiyar caji ta bi ta cikin na'urar da ke zana motsin wuta a gilashi, ta ɗora wani ɗan naɗin wayar lantarki mai jin motsin wuta a bayan rediyon, sannan ta hau aika mata saƙonnin ƙarya ɗaya bayan ɗaya. Duk saƙon da ya shigo, ayisi sai ta ɗauko makulli ta gwada buɗewa, kuma duk gwadawa sai wani koren layi ya yi rawa a gilashin.

Lukuman ya matso ya zuba ido. Da farko hargitsi kawai ya gani. Da kwamfutarta ta jera zanukan bisa juna, sai ga tudu da kwari sun fito daram, nan ayisi ta ja wuta da ƙarfi, nan ta sassauta. Kowane ɓangare na makullin yana da irin nasa jan numfashi. Abin ya ba shi tsoro ya kuma ba shi sha'awa lokaci guda, har ya manta da kansa ya ce, “Dakta, ashe abin ga numhwashi shikai.” Lissafin yana nan da ƙarfinsa, ba wanda ya fasa shi, amma ƙarfen da ke ɗauke da shi yana ba da labari ba tare da ya sani ba.

Kafin a kira la'asar makulli ya cika a hannunta. Ta ce ya kawo rufaffen saƙon nan da yake taƙama da shi. Ta danna, sifika ta yi ɗan tari, sai ga murya tangaran ta cika ɗakin.

“Salamu alaikum, Baba Lawwali, an wuni lahiya? Zulai ta, matar Bashar. Ya iyali? Wai yaron ga ya ce in yi magana a gwada. To ga shi na yi.”

Har da ’yar dariyarta a ƙarshe. Mutumin ƙauye ba ya fara magana bai yi sallama ya faɗi ko shi wane ne ba, kuma haka kowane gargaɗi zai zo, da suna da sunan miji. Lukuman ya zauna a ƙasa dirshan. Ya ji kamar maroƙin nan ne ya sake buɗe murya, wannan karon kuma shi ya ɗauko shi haya. Dakta ta miƙa hannu ta kashe sifikar.

Ita ta fara kawo shawara a saya wa Baba Lawwali ɗan faifan sola, rediyo ta daina zuwa kasuwa. Lukuman ya girgiza kai. Ya san mutanensa. Solar za ta koma cajin wayoyin unguwa, rediyon kuma maƙwabci zai zo aro ya saurari tafsiri, kuma ba dattijon da zai ce a'a a kira shi marowaci. Kayan ƙauye ba ya kwana a hannu ɗaya. Dole rediyon ta iya riƙe bakinta ko a hannun wa take.

Akwai hanya, Dakta ta sani a karatu. A raba makulli gida biyu da hayaniya, yadda kowane rabi shi kaɗai shirme ne, a yi lissafi da kowanne daban, kada su taɓa haɗuwa a fili, kuma kowane saƙo a sake sabon rabo. Mai sauraron wuta sai ya ji numfashin shirme. Matsalar ita ce aikin ya ninka, ayisi ta cika ta batse, batir kuma ya riƙa mutuwa kafin azahar. Rediyon da ke yawan mutuwa kuwa rumfar caji za ta riƙa komawa.

Damina ta sauka yana kan wannan. Ya rufe rumfarsa ta Tudun Wada, masu rediyo suna ta zuwa suna komawa suna cewa ko aljanu sun taɓa shi. Ana tsakiyar noma sai ga Baba Lawwali da kansa a ƙofar ɗakin gwaji, babu raha a fuskarsa. An kore shanun wata ruga kusa da su. Bayan abin ya faru, mata sun yi ta raɗe-raɗin cewa an ga sawu tun kwanaki, ba wadda ta faɗa.

“Ka maido muna abinmu,” ya ce. “Da babu gara rumbu mai yoyo.”

Lukuman ya san gwaggonsa na cikin waɗanda suka gani, kuma shi ya rufe mata baki. Abin ya soke shi har ƙashi. Amma ya durƙusa ya ce, “Baba, ka yi haƙuri. Shanu ana samun wasu. In na ba ka ita yadda take, wata rana da sunan mutum za a zo, ba da sawu ba.” Dattijon ya tafi ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Talaucin mai gyara ne ya fitar da shi. Wanda ya saba gyara rediyo babu kayan canji ya iya sa abu ɗaya ya yi aiki biyu. Maimakon ya gina wa kowane rabin makulli nasa injin lissafi a cikin ayisi, sai ya bar ɗaya tak, su riƙa shiga bi da bi, duk sashen da ba ya aiki kuma a yanke masa wuta ya yi barci. Aikin ya shiga ayisi, batir ya riƙe. Ya kai wa Dakta da murna, ta kwana biyu a kai ta sake zaro makullin. Ashe in rabi na biyu ya bi hanyar wutar da na farko ya bari yanzu-yanzu, hanyar da kanta tana haɗa su ta faɗa. Ya koma ya sa a riƙa tura hayaniya zalla ta wanke hanya tsakanin rabi da rabi, kamar yadda gwaggonsa ke ɗauraye ƙwarya kafin ta zuba sabon nono. Ya kuma hargitsa jerin aikin, yadda ayisi ba ta fara lissafi daga wuri ɗaya sau biyu.

An fara yankan gero ya sake ajiye rediyon gabanta. Wannan karon ta yi makonni. Ta canza naɗin waya, ta aro na'urar da ta fi tasu ji, ta tara zanuka har kwamfutarta ta koka. Koren layin yana rawa, amma in an jera shi sai ya kwanta shafal, ba tudu ba kwari. Ranar da ta gaji ta kira shi, ta ɗauki makullin da ƙoƙarinta ya ba ta, ta gwada shi a kan sabon saƙon gwaji. Sifika ta ce shuuu, kamar ruwan sama a kan kwano.

“Ban ce ba mai iyawa har abada ba, Malam Lukuman,” in ji ta. “Wannan sanin Allah ne. Na ce duk hanyar da na sani na bi, ban samu ba.”

Bai ji ta sosai ba. Ya kara kunne a sifikar, idonsa a rufe. Tun yana yaro yake jin wannan ƙara yana tsaki, yau ga shi yana neman aibu a cikinta, ko ɗan amon murya, ko inuwar sallama, kunnen nan nasa da ba ya kuskure bai tsinci komai ba. Akwai magana a ciki, ya san akwai don shi ya yi ta, amma ta nutse. Hawaye suka zubo masa, bai damu ya share ba.

Da ya mayar da rediyon ƙauye, ya keɓe da Baba Lawwali a zaure ya ba shi labarin Bello tun daga burtali har wurin suna. Ya ce akwai ƙofa ɗaya da ba ayisin da ke iya rufewa. “Baba, duk wanda ya hwaɗa maka magana ta cikin abin ga, kada ka gode mai. Ko da ido. Ko bayan shekara ashirin.” Dattijon ya daɗe yana shafa gemu, don a wurinsa rashin godiya ɗan'uwan butulci ne. Daga baya ya ce ya ɗauka, Allah shi ne shaida.

Ya je wurin gwaggonsa ya kunna mata ƙarar da ya naɗo. Ta saurara ta yamutsa fuska. “Wanga mi na? Ta lalace?”

“Haka ɓarawo za shi ji ki, Gwaggo.”

Ta sa ya sake kunnawa. Ta ce to, ta ɗauki rediyonta ta cusa a ƙarƙashin faifan ƙwarya.

Da kaka ta yi nisa, wata rana gari ya tashi ya ga mai unguwa ya sa a kwashe dabbobi a kai su bayan kogi, a kuma sanar da jami'an tsaro. Waɗanda suka zo daga baya ba su tarar da komai ba. Labarin ya kai Gusau, Lukuman ya hau mota ranar kasuwar Magami. Ya tarar ana ta maganar, kowa da nasa hasashen. Wani maroƙi ya tare Baba Lawwali a rumfar goro yana ta zuga shi ya faɗi gwarzon da za a yaba. Dattijon ya ɓare goro ya ba shi rabi, ya ce ya yabi Allah, ya juya ya ci gaba da hirarsa. Can a rumfar caji rediyo mai jan zare tana rataye cikin wayoyi, janareta na ta kuka.

Gwaggo Zulai tana layin masu nono a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, tana korar ƙuda da faifai. Mutane suna wucewa ta gabanta, ba mai kallon ta sau biyu. Lukuman ya tsuguna ya gaishe ta, ya duba fuskarta yana neman alama. Ko ita ce ta faɗa, ko wata ce, ko wani, bai sani ba, kuma shi da ya ƙera abin da hannunsa ba shi da hanyar sani. Ya tuna mahaifinsa a wurin suna, mutane sun kewaye shi ana tafi.

Ta dama masa fura ta miƙo. “Sha, ka rame,” ta ce. “Ya Gusau?”